Cinikin Gyaɗa a Fagge da Sabon Gari: Sanin Abokin Gasa

A cikin tarihin cinikin ƙasar Hausa da wuya a sami al'amarin da ya sauya Kano da gaggawa kamar cinikin gyaɗa. Galibi in an zo ba da labarinsa akan ce jirgin ƙasa ne ya kawo shi, Turawa suka zuba kuɗi, manoma kuwa suka bi. Amma in an dubi abin da ya gudana tsakanin Fagge da Sabon Gari da tashar jirgi, sai a ga ba kullum mai yawan jari ke cin kasuwa ba. Wanda ya ci shi ne wanda ya gane ko wane ne abokin gasarsa na ainihi, ya auna ƙarfinsa da rauninsa, sa'an nan ya ɗora shirinsa a kan haka.

Sa'ad da hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta don ɗaukar kaya cikin 1912, ba gyaɗa Turawa suka sa wa rai ba, auduga ce. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, watau BCGA, wadda aka kafa a Mancesta cikin 1902, ta ɗauka ƙasar Kano za ta ciyar da masaƙun Ingila. An yi lissafin faɗin ƙasa da yawan manoma, amma ba a lissafa masu kaɗi da masaƙa da marina na Kano ba, alhali kuwa su ne suka daɗe suna sayen audugar. Kwabo guda da ƙungiyar ke biya a kowace laba bai kai abin da kasuwannin gida ke bayarwa ba. Don haka manomi ya ci gaba da kai audugarsa inda ya saba. Shirin ya rushe ne saboda an manta da abokin gasa, shi kuwa yana zaune a cikin gari.

Gyaɗa kuwa ta dace da lissafin manomi. Tana yi a jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, tana biyan haraji, in kuma shekara ta yi wuya a ci ta. A Turai ma ana bukatar manta don yin sabulu da man shafa wa burodi. Cikin 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, amma cikin 1913 ta haura tan 19,000, har buhuna suka yi tsibi a tasha, jirgi ya kāsa kwashewa.

To, wa ya isar wa manomi da labarin? Kamfanonin Turawa, irin su Niger Company da John Holt da Lagos Stores, sun kafa kantunansu kusa da tasha, suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san hanyar ƙauye ba. Akawunan da ke riƙe musu littattafai mutanen Kudu ne da na Saliyo da Gwalkwas, waɗanda aka yanka wa Sabon Gari wajen 1913, su ma baƙi ne. Fagge kuwa, da yake tsohon zangon fatake ne a bakin ganuwa, ta tsaya tsakanin birni da waɗannan sababbin unguwanni, a kudancinta kuma aka zaunar da Kwarori. Masu sanin ƙasa su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji dabarun ba da bashi da riƙon yara tun zamanin tafiya Gwanja. Su ne irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka karɓi jarin kamfani, suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suka ɗaure manoma da alkawari tun kafin kaka.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, shi ne ya fi kowa fahimtar wannan tsari. Tun yana fataucin goro ya lura jirgin ruwa tsakanin Ankara da Ikko ya fi ayarin jakuna sauri, ya koma gare shi. Da Niger Company ta neme shi cikin 1918, bai yi ƙoƙarin ja da Turawa wajen fitar da kaya ƙetare ba, domin nan ƙarfinsu yake. Sai ya kama wurin da ba su iya shiga, watau tsakanin gona da sikeli, ya baza wakilai, ya haɗa gyaɗa da goro da shanu da tufafi, yadda jarinsa ba ya kwana ko da an rufe kakar gyaɗa. Ana ba da labari cewa da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, raƙuma 20 suka ɗauko masa kuɗin azurfar da ya ajiye.

Su kuma kamfanoni suka ɗauka junansu ne abokan gasa, don haka suka nemi kashe gasar. Lever Brothers ta sayi Niger Company cikin 1920, cikin 1929 kuma aka haɗa ta da African and Eastern Trade Corporation, aka sami UAC. Manyan kamfanonin suka riƙa shirya farashi da rabon kaya a tsakaninsu. Amma farashin da aka danne da gangan ƙofa ce a buɗe. Ta nan Saul Raccah, mutumin Tarabulus, ya shigo cikin shekarun 1930. Ba shi da tarin ma'aikatan Turawa da zai biya, ya yarda da riba kaɗan a kowane tan, ya ƙara wa masu kawo kaya kuɗi, har ya kame kaso mai yawa na gyaɗar Kano. P. T. Bauer ya bayyana wannan a littafinsa na cinikin Afirka ta Yamma na 1954.

Abin da kamfanoni suka kāsa yi a kasuwa, yaƙi ya yi musu. Daga 1942 gwamnati ta karɓe fitar da gyaɗa, ta raba wa kowa kaso gwargwadon abin da ya saya a shekarun baya. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, cikin 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Tun daga nan farashi ya zama na hukuma, gasa ta koma neman lasin da motocin ɗaukar kaya da samun shiga wurin masu mulki. Ɗantata ya sami lasin kafin rasuwarsa cikin 1955, gidansa ya ɗore a kan sabon tsarin.

Hukumar kanta daga baya ta faɗa ramin da BCGA ta faɗa. Ta riƙe farashin manomi ƙasa da na duniya, ta manta cewa yana da masu ƙuli-ƙuli da kasuwannin ƙetaren iyaka, yana kuma iya komawa ga hatsi. Da farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, aka rushe hukumomin cikin 1986. Kantunan Kwarori na Fagge kuwa, bayan dokar mallakar kasuwanci ta 1972, akasarinsu sun koma hannun Hausawa masu sayar da atamfa da yadi, su ne Kantin Kwari na yau.