Daga Marina Zuwa Matatar Mai: Me Ya Hana Yaranmu Karatun Sinadarai?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, musamman masu yara a ajin ƙarshe na sakandare.

Kwanan baya ɗiyar yayana ta ce za ta cike kemikal injiniyarin a fom ɗin JAMB. Babanta ya dube ni ya ce, "Wai shi wannan karatu, in an ƙare mi aka yi da shi? Ta yi nas mana, ko malanta." Ban ga laifinsa ba. A Kaura da Shinkafi da Zurmi mun san likita, mun san lauya, mun san injiniyan hanya. Injiniyan sinadarai kuwa ba mu cika ganinsa ba. Amma tarihin yankinmu cike yake da gurbin da ya bari.

Mu fara da marina. Kakanninmu su haƙa rami, su zuba ruwan toka da ganyen baba, su bar shi ya ruɓa kwanaki. Ruɓewar nan ce ke sa shuni ya narke ya shiga zare. A tsamo zane yana kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Majema su yi jima da bagaruwa, mata su dafa sabulun salo da toka, su matse mai daga gyaɗa. Duk wannan ilimin sinadarai ne, sai dai a ka yake da hannu, ba a rubuta ma'auninsa ba.

A Turai kuwa sai suka mai da shi lissafi. A 1887 wani Bature, George Davis, ya gabatar da laccoci a Manchester ta Ingila kan yadda ake sarrafa sinadarai da yawa a masana'anta, kuma daga nan ake ƙirga farkon wannan fanni. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba ganyen baba ko ɗaya a ciki. Cikin 'yan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, mu ma a hankali rinin kanti da atamfar waje suka cinye kasuwar marinanmu. Marinanmu ba su gaza a gwaninta ba. Abin da suke yi a rami guda ne wani ya koyi yi a tanki dubu.

Sai zancen jirgi. A 1929 layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Kaura Namoda, nan ya tsaya. Me jirgin ke ɗauka? Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga. Me yake kawowa? Yadi, sabulu, kananzir, gishiri. Mu noma, wani ya sarrafa, mu saya da tsada. Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, tasha ta yi tsit, ba mu da wata masana'anta a yankin da za mu jingina da ita.

Darasi mafi ciwo shi ne na 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa kawo dutsen zinari cikin gida suna niƙawa. Dutsen cike yake da dalma. Ƙura ta bi ɗakuna da tsakar gida, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Allah Ya jiƙansu. To amma ku lura: gwada dutse kafin a niƙa, niƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, raba zinari da dalma nesa da gida, kama tururin zaiba kada a shaƙa, duk wannan aikin wanda ya karanci sarrafa sinadarai da ma'adinai ne. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Wa zai tsaya a kan aikin yanzu? Yaranmu, ko kuma baƙi mu kuma mu zama lebura?

To mene ne aikin? A taƙaice, shi ne mai tsara yadda ɗanyen abu zai zama kaya mai amfani, da yawa, da araha, ba tare da cutar da mutane ba. Shi ke raba ɗanyen mai ya zama fetur da kananzir da gas. Shi ke haɗa takin yuriya daga iskar gas da iskar da muke shaƙa, bisa dabarar haɗa amoniya da Jamusawa Haber da Bosch suka kai masana'anta a 1913. Shi ke lura da gasa farar ƙasa ta zama siminti a Kalambaina ta Sakkwato. Shi ne kuma zai iya tace ruwan Gagare ko Bunsuru ya zama abin sha. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980. Kamfanin takin Dangote ya buɗe a 2022, matatarsa ta Legas mai ganga 650,000 a rana aka ƙaddamar a 2023. Mu ne masu sayen takin nan kowace damina. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki?

Ba zan yi maku daɗin baki ba. Karatun na da wuya, shekara 5 ne a jami'a, lissafi ya fi kemistiri yawa a cikinsa. Aiki ba ya jiran kowa a bakin ƙofa: matatar Kaduna ta daɗe tana kwan-gaba-kwan-baya, masaƙun Arewa sun mutu. Ga rashin tsaro da ya sa aka sha rufe makarantu tun bayan ɗaukar 'yan matan Jangebe a 2021. Akwai yaron da zai gama sakandare bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Amma wanda ya iya wannan ilimi ba dole sai ya jira ofis ba. Matsar man gyaɗa da waken suya, sabulu, fenti, gyaran shinkafa, haɗa taki, duk ana farawa da ƙarami.

Ga ɗalibi mai sha'awa: JAMB ɗinka Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na koyar da fannin tun shekarun 1970, akwai shi a Kaduna Poli da jami'ar fasaha ta Minna. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan Kaura tun 1983, ka shiga ka tambayi malamai, tambaya ba ta ɓata.

Iyaye, a bar yaro ya zaɓi abin da kansa ke ja. Tsoffin ɗalibai, ku haɗa kuɗi ku sai wa makarantunku kayan gwaji, ya fi walimar shekara. Ita dai ɗiyar tamu ta cike fom ɗinta, babanta ya sa albarka bayan doguwar muhawara. Ku sa ta a addu'a.

In akwai ɗan Kaura, Shinkafi ko Zurmi da ya karanci wannan fanni, don Allah ya yi magana, yaranmu na buƙatar ganin na gida. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.