Bashin Gaisuwa: Daga Katin Zaɓe Zuwa Zauren WhatsApp

A Funtuwa ba a cika kiransa da sunan yanka ba. Sakatare ake ce masa, tun zamanin da yake riƙe da littafin ƙungiyar masu sauraron rediyo ta unguwarsu, kuma sunan ya bi shi har cikin salula, inda ya daɗe yana shugabantar wani zauren WhatsApp na 'yan Zaɓi Sonka, shirin gaishe-gaishe na rediyon Kaduna. Bana ya ajiye shugabancin. Abin da ya kai shi bango ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin yaran yanzu. Wani saurayi ne aka tura wa hanyar shiga zauren, ya faɗo ba sallama, ya zuba hotunan takalman da yake sayarwa, sannan ya tambaya wai su wane ne a nan. Sakatare ya cire shi nan take. Da yamma 'yar ƙanwarsa, wadda ita ma tana zauren, ta iske shi a ƙofar gida ta ce, "Kawu, wai mene ne laifinsa?" Amsar ta kai su har kiran magariba, kuma mafi yawanta ba a kan saurayin ba ce.

Ba ya ɓata bakinsa wajen bayanin abin da kowa ya sani: cewa gwamnatin Sardauna ce ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, cewa ya koma hannun tarayya a 1978, ko cewa gajeren zangonsa a mita 49 a wancan zamanin yana kai wa Nijar da Kamaru da Chadi da zangon Hausawa a Gana. Duk wanda ya taɓa shanya batir a rana don ya ƙara kwana ya san wannan. Abin da yake dawowa a kai, ko da daga ina hira ta taso, shi ne katin zaɓe.

Katin ɗan ƙarami ne. A lokacin ana saye a wurin wakili, ka rubuta sunanka da laƙabinka da garinku, ka jera waɗanda kake gaisarwa, ka zaɓi waƙa, ko ta Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya, ko gurmin Haruna Uji, ko wata ta Indiya idan da 'yan mata a cikin lissafin. Daga nan sai a haɗa katunan a aika Kaduna, mutum ya zauna jiran ranar da za a karanta nasa. A ganin Sakatare, ƙanƙantar katin ita ce makarantarsu. Layukan ba su da yawa, saboda haka dole ka zauna ka yi tunanin wa za ka sa, wa za ka bari sai kati na gaba. Jerin ma da ƙa'idarsa: iyaye da malamai a sama, sai dattawan ƙungiya, sai shugabannin wasu garuruwa, sa'o'inka su zo ƙarshe. Budurwa kuwa, idan har an sa ta, da laƙabi ake sakayawa, don kada mahaifinta ya ji sunan 'yarsa a rumfar mai shayi. Wanda ya sa abokin wasansa gaba da shugaban reshe, kafin mako ya zagayo labarin ya kai Gusau.

Wanda ya koya masa wannan duka wani tela ne a bakin kasuwa, wanda shi ne wakilin sayar da katin a yankinsu. Ya rasu da daɗewa, amma har yau Sakatare ba ya ambatonsa sai ya ce Baba, ya bi da addu'a. Rediyon Baba tana rataye a ƙusa saman keken ɗinki, an ɗaure murfin batirinta da roba, an ƙara wa eriyarta waya har rufin kwano. A aljihun keken akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, an ja layi da biro an raba kowane shafi uku: wanda ya gaishe mu, ranar da aka karanta, da kuma ko an rama. Lokacin shirin idan ya yi, Baba zai ɗauke ƙafa daga kan keke, ko da kuwa ɗinkin sallah ne a gabansa, ya miƙa wa yaro littafin. Duk sunan ɗan reshensu da aka ambata sai an rubuta shi, domin a wurinsu gaisuwa bashi ce. Idan mutumin Kontagora ya sa sunanka a katinsa, ya kashe kuɗinsa da layinsa a kanka, kai kuma ba ka rama ba har wata ya shuɗe, to kai ne ka yanke zumunci, kuma reshen gaba ɗaya ne zai sha kunyar.

Ta wannan littafin ake shiga ƙungiya. Sabon yaro ba ya fara aika kati da sunan reshe ranar da ya zo. Sai wani ɗan ƙungiya ya kawo shi ya ce ga ɗan wane, daga nan ya zauna a benci yana sauraro yana rubutu, har ya san wane ne shugaba a Zariya, wace ce uwar ƙungiya a Malumfashi, su wa ke gaba da juna don kada ya haɗa su a layi ɗaya. Ranar da Baba ya gamsu, shi da kansa zai sa sunan yaron a ƙarshen katinsa. Sakatare ya ce ranar da ya ji nasa sunan ya fito daga rediyo, yana tsaye da almakashi a hannu, bai iya cin tuwon dare ba.

A nan hirar takan kauce hanya, domin ba ya iya wuce maganar littafin bai bi ta Maraɗi ba. Akwai wani mai sayar da goro a can da suka shekara da shekaru suna gaisawa ta kati, ba wanda ya san fuskar wani. Rannan sai aka karanta katinsa yana sanar da auren 'yarsa. Baba ya rufe shago, suka yi karo-karo suka sayi atamfa da kwanuka, suka hau mota zuwa Katsina, daga nan Jibiya, suka tsallaka Ɗan Isa. Ba su da kwatancen gida. A tashar Maraɗi suka faɗi laƙabin mutumin kawai, wani mai kurar ruwa ya ajiye kurarsa ya raka su har ƙofa. Mai gidan ya fito, suka faɗi laƙabinsu ɗaya bayan ɗaya, yana rungumarsu yana faɗin garin kowa da waƙar da ya fi zaɓa. Ɗakinsa ya bar musu. Da za su taho ya cusa wa Baba sefa a aljihu, Baba ya fitar ya mayar, suka yi ta ja har direba ya gaji da hon. Abin da suke nufi ke nan idan suka ce zumunci a ƙafa yake, kuma wannan tafiyar ce ma'aunin da Sakatare yake auna duk abin da ya biyo baya da shi.

Gidajen rediyon waje suna da nasu tsarin, amma yakan bi ta kansu da sauri. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma a lokacin garuruwa da dama suna da kulob na masu sauraronsu. Can wasiƙa ake yi, a liƙa kan sarki a gidan waya, a jira shirin Amsoshin Takardunku, wani lokacin a sami kalanda ko riga. Yana girmama su, sai dai yana ganin 'yan boko ne masu son a ji tambayarsu, su kuwa 'yan kati mutane suke nema.

Salula ta shigo Najeriya a 2001, gidajen rediyon FM masu zaman kansu suka yawaita, irin su Freedom da ta buɗe a Kano a 2003, sai gaisuwa ta koma ta kira kai tsaye. A farkon zuwan salula naira 50 ake cira a minti ɗaya, ko da sakan biyar ka yi, har sai da Glo ta zo da lissafin sakan a 2003. Mutum ya samu layi da ƙyar, kuɗinsa na ƙonewa, mai gabatarwa na cewa a taƙaita, ina zai tuna da jeri? Sai ya kwararo sunaye yadda suka zo bakinsa. A nan ne Sakatare yake da wani tsohon ƙorafi da bai huce ba: wani gidan rediyo, wanda ba ya son a ambaci sunansa, ya ci gaba da sayar musu da kati alhali masu kira sun cinye lokacin shirin, katunan suna taruwa a kwali ba a karantawa. Baba ya mayar wa mutane kuɗinsu daga aljihunsa, ya daina wakilci.

Sai zamanin 2go. Manhajar daga Afirka ta Kudu ta fito a 2007, amma a Najeriya ta yi kasuwa, musamman wajejen 2011 zuwa 2013, saboda tana aiki a ƙananan Nokia masu madannai kuma ba ta cin data sosai. Tana da ɗakunan hira na garuruwa da na ƙwallo da na soyayya, kuma kafin ka yi magana a ɗaki sai ka sayi kiredit ɗinta da katin waya. Yaran reshe ne suka ja shi ciki. Ya ce ɗakin ya yi masa kama da tashar mota ranar jajibirin sallah, kowa na magana ba mai sauraron wani. Sallama ta koma "slm", ya kake ta koma "ykk", lafiya ta koma "lfy", tambaya ta biyu kuma ita ce mace ko namiji. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne taurarin da manhajar ke bai wa mutum gwargwadon daɗewarsa a kai, har yaro ɗan sakandare da ke kwana yana latse-latse ya fi dattijo muƙami. Duk da haka yana yi wa 2go adalci ɗaya: tunda kowane saƙo a ɗaki da kuɗinsa, mutum yakan ɗan yi tunani kafin ya tura.

WhatsApp ya cire wannan ɗan birkin. Da farko Sakatare ya yi murna, domin zauren nasu ya tattaro tsofaffin 'yan kati daga Damagaram har Kumasi, aka ji muryoyin da aka daɗe ana jin sunayensu kawai. Lokacin zaure ba ya ɗaukar mutum fiye da 100, shi kuma ba ya sa kowa sai wani ya tsaya masa. Da aka ɗaga adadin zuwa 256 a 2016, aka kuma kawo hanyar shiga da ake iya turawa ko'ina, sai ƙofa ta fita daga hannunsa. A 2022 adadin ya kai 1,024. Ya rubuta dokoki ya liƙa: a yi sallama a faɗi suna da gari, ban da siyasa, ban da talla, ban da bin matan aure ta gefe, a saurara kwana biyu kafin a tsoma baki a muhawara, idan an sanar da rasuwa a dakatar da raha har gobe. Ta ƙarshen ce aka fi karyawa. Ana cikin ta'aziyya sai wani ya turo sitika mai dariya, ko sakamakon wasan Arsenal.

Doka ɗaya ce ya rubuta hannunsa na rawa. Kowace asuba mutum hamsin za su turo hoton fure da barka da safiya, ranar Juma'a kuwa abin ya ninka, wayoyin dattawa su cika su daskare, sanarwar suna ko ta asibiti ta nutse a ciki. Dole ya hana. Wato mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin bashin gaisuwa a littafi, shi ne ya wayi gari yana cire mutane saboda yawan gaisuwa. Hujjarsa ita ce furen ba ya ɗauke da sunan kowa, an turo wa kowa ne, don haka ba wanda zai ce shi aka gaisar, balle ya rama.

Ba duk abin da yake faɗa ne za a haɗiye ba. Zamanin kati ma yana da nasa ciwon. Mai kuɗi yakan sayi katuna da yawa don sunansa ya cika shiri, an yi gasa da hassada a kan laƙabi, an yi rassan da suka rabe biyu saboda kujerar shugaba. Mata da yawa kuwa sai dai su ba yaro ya kai musu kati a ɓoye, ko su haƙura. 'Yar ƙanwar tasa ta tuna masa cewa a zauren nan ne mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa zama a bencin Baba ba, ta zama wadda ake jira ta yi magana idan rigima ta tashi, kuma matan zauren ne suka fi kowa saurin haɗa gudummawa idan an kwantar da wani. Ya amsa cewa haka ne. Sai ya ƙara da cewa ai mahaifiyar tata da sallama ta shigo.

Yanzu shugabancin yana hannun matasa uku, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Maraɗi, ɗaya kuma ɗalibi ne a Sudan da ya dawo gida bayan ɓarkewar yaƙi a 2023. Sun rufe hanyar shiga ta kowa da kowa, sun koma sai an tsaya wa mutum, abin da Sakatare ya yi ta faɗa ba a ji ba sai da ya sauka. Sun kuma dawo da saurayin mai takalma bayan ya turo saƙon murya yana ba dattawa haƙuri, aka ware masa ranar Asabar ta talla tare da sauran masu sana'a. Sakatare bai fice daga zauren ba. Aiki ɗaya ya riƙe, wanda ba a yi takara da shi a kai ba: idan an sanar da biki ko rasuwa, shi ke tattara sunayen masu zuwa da ƙafarsu, ya nemi mota, ya raba kuɗin mai. Wata mai kamawa akwai ɗaurin aure a Kontagora, kuma har yanzu yana neman mutum huɗu su cika motar.