Kiran Fitowa Gaban Bagade a Majami'un Ƙasar Daura da Katsina

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'ar Furotesta ya san yadda fasto kan rufe wa'azi: sai ya ce duk mai son tuba ya taso ya zo gaba a yi masa addu'a. Wannan shi ake kira kiran bagade. Mutane da yawa, har da wasu Kiristoci, sun ɗauka tun farkon addinin haka ake yi, alhali kuwa al'adar ba ta daɗe ba. Wani mai wa'azi a Amurka, Charles Finney, shi ya yayata ta a garin Rochester a 1830, inda yake ware benci a gaba domin waɗanda wa'azi ya ratsa su. Billy Graham, wanda ya zo Nijeriya a 1960, da ita ya yi suna.

Ta jima kafin ta iso ƙasarmu. Bayan alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Turawan mulki sun takura wa 'yan mishan a masarautu, har da Daura, wadda aka haɗa da Katsina cikin lardi ɗaya a 1934, zamanin Sarki Abdurrahman. Ƙofar da mishan ta SIM ta samu a ƙarshen shekarun 1930 ita ce jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina. Daga baya aikin ya fi kama ƙasa a ƙauyukan Maguzawa, musamman wajen Malumfashi. Ekklesiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954, ita ta gaji wannan aiki, sannan shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 ya fitar da wa'azi zuwa fili.

Abin da nake so malamai su lura da shi, shi ne nauyin takun. A babban birnin Amurka, mutum yakan fita gaba cikin dubban baƙi, ya koma gida ba wanda ya sani. A ƙauyen Bahaushe kuwa, surukansa na zaune, ga ƙannen mahaifinsa, ga kunyar da ke hana mutum ko cin abinci gaban suruki. Wanda ya miƙe ya san maganar aurensa da gandun gidansu da zumuncinsa duk za su iya taɓuwa kafin faɗuwar rana. A ganina, shi ya sa majami'u ba su ɗauki fitowa gaba kaɗai a matsayin shiga addini ba. Sai mutum ya zauna ajin koyarwa, ya koyi karatu cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, dattawan majami'a su ga halinsa, tukuna a yi masa baftisma.