Sarkin kutare da majalisar mazauna gida

A Filinge da duk faɗin ƙasar Kurfai, tsoho yana ƙare kwanakinsa ne a gidan ɗansa ko na ƙanensa, kuma abin kunya ne ga dangi a ji sun miƙa shi ga baƙi. Saboda haka idan aka yi zancen gidajen jinyar dogon zama da ƴancin mazaunansu, da yawa sukan ɗauka batun Turawa ne. Amma ƙasar Hausa ta san irin waɗannan gidaje, sai dai ba tsufa ne ya tara mutane a cikinsu ba, kuturta ce.

Tun kafin zuwan Nasara, manyan birane irin su Kano da Katsina suna da sarkin kutare da sarkin makafi. Sarautar ba ta wasa ba ce. Shi ne mai raba gardama tsakanin jama'arsa, shi ke kasafta sadaka idan ta zo daga fada, shi ke kai kuka gaban sarki. Mutumin da gari ya ƙyamata yana da ƙofar da zai bi a saurare shi, ko da ƙofar ƙunci gare ta.

A shekarar 1937 mishan ta SIM ta karɓi ragamar sansanonin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, da amincewar sarakuna da kuɗin En'e. A nan ne zaman ya sake kama. Majinyaci yakan share shekaru yana noma gonar sansani, ana yi masa allurar man calmugra mai zafi da ƙarancin amfani. A wasu wuraren akan raba jariri da uwarsa don gudun kamuwa. Sarakuna sun sa ido kan batun wa'azin Kirista, likitoci sun sa ido kan ƙwayar cuta, gwamnati kan kasafi; wanda ba a cika tambaya ba shi ne mai tabarmar da ake shawara a kansa. Ba a musun alherin da aka yi, domin dubbai sun sami abinci da magani da karatu. Sai dai an tsara alherin ne daga sama. A Nijar, asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda SIM ta buɗe a 1956, ya zo ne lokacin da ƙwayar dafson ta fara warkar da mutane da gaske.

A wasu ƙasashe majinyatan da kansu suka ƙwaci bakinsu. A Carville ta Amurka, wani majinyaci makaho mai suna Stanley Stein ya fitar da jaridar The Star a 1941, kuma a 1946 mazauna wurin suka sami damar jefa ƙuri'a. Dokokin gidajen tsofaffi sun biyo baya: Amurka a 1987, Faransa kuma da dokar 2 ga Janairu 2002, wadda ta wajabta kafa majalisa a irin waɗannan gidaje. Mazauna ke zaɓen wakilansu, ana zama aƙalla sau 3 a shekara, ana tattauna abinci da farashi da tsarin yini. Shawara kawai take bayarwa, hukunci na hannun darakta. Ta wannan fuska ba ta yi wa sarkin kutare nisa ba. Bambancin shi ne zaɓe da rubutacciyar doka.

Haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, ya kawar da hujjar tsare mutum shekaru. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2008, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta zartar da ƙuduri kan daina wariya ga masu kuturta a Disamba 2010. Duk da haka da yawa daga waɗanda suka warke ba su koma garuruwansu ba, don dangi sun riga sun raba gado, wasu kuma sun yi aure a sansani. Unguwanninsu na nan a gefen Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga, cike da ƴaƴa da jikoki waɗanda cutar ba ta taɓa ba.