Asalin Kalmomin Girman Kai da Tawali'u a Harshen Turkanci

A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Turkanci ya ari ɗimbin kalmomi daga Larabci da Farisanci, musamman a fagen addini da ɗabi'u. Daga cikinsu akwai “kibir”, wato girman kai, wadda ta samo asali daga “kibr” ta Larabci, da kuma “tevazu” daga “tawadu'u”. Wannan ta biyun ita ce Hausa ta ara ta mayar “tawali'u”: harafin ladi ya koma “z” a bakin Baturke, “l” kuma a bakin Bahaushe.

Wasu kalmomin ma'anarsu ta sauya. “Gurur” ruɗi take nufi a Larabci, amma a Turkanci takan ɗauki ma'anar alfahari, har uba ya ambace ta wajen yabon ɗansa. Ita kuwa “kibar”, wato manya, ta koma nufin mai ladabi.

A shekarar 1928 Mustafa Kamal Ataturk ya maye gurbin haruffan Larabci da na boko, sannan a 1932 aka kafa hukumar harshen Turkanci domin fifita kalmomin asali. Nan ne “alçak gönüllülük”, wato ƙasƙantar da zuciya, ta ƙara samun gindin zama, kwatankwacin “ƙanƙan da kai” a Hausa. Duk da haka, “kibir” da “tevazu” suna nan daram.

Saboda haka, ya kamata manhajar Hausa ta riƙa koyar da kalmar aro tare da takwararta ta gida, ba tare da korar ɗaya ba.