T. M. Aluko: Injiniyan da Ya Tona Asirin Ma'aikatar Ayyuka

A shekarar 1959, shekara guda bayan fitowar Things Fall Apart na Chinua Achebe, wani kamfanin ɗab'i a Legas ya buga wani ƙagaggen labari mai suna One Man, One Wife. Marubucinsa ba malamin adabi ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Injiniya ne da ke fama da tituna da magudanan ruwan Legas, sunansa Timothy Mofolorunso Aluko.

An haife shi a Ilesha, ƙasar Yarabawa, a 1918. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan da babbar kwalejin Yaba, sannan ya tafi Landan ya karanci aikin injiniya da tsara birane. Da ya dawo sai ya kama aikin gwamnati, ya yi ta hawa har ya zama daraktan ayyuka na Jihar Yamma. Ya bar aikin a 1966 ya koma koyarwa, ya daɗe a Jami'ar Legas, ya kuma sami digirin dakta a 1976.

Wannan tarihin aiki shi ne jarin alƙalaminsa. Yawancin tsararrakinsa daga waje suka hango gwamnati. Shi kuwa a ciki ya zauna, ya san yadda ake rubuta takardar biyan leburori, ya san wanda ke sa hannu, ya san ta inda kuɗi ke zurarewa tsakanin ofis da bakin aiki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Kinsman and Foreman na 1966, wanda a ganina ya fi sauran littattafansa. Titus Oti matashi ne da ya dawo daga Ingila da takardar injiniya, aka tura shi ma'aikatar ayyuka a garinsu, Ibala. Yana zuwa ya tarar shugaban ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa, Simeon Oke, ɗan uwansa ne, wanda dangi ke ji da shi, coci ma ke alfahari da shi saboda hannunsa a sake yake. Sai dai abin da yake rabawa daga aljihun hukuma yake fitowa. To, ina mafita? In Titus ya kau da kai, ya ci amanar aikinsa. In ya tona, ya zama ɗan da ya yi boko ya dawo yana tozarta nasa. Aluko bai mai da dangin miyagu ba, kuma nan gwanintar take. Su a wurinsu yaron da gida ya rena bashi ne a kansa, ranar biya kuma ta zo. Duk ma'aikacin da kawunsa ya taɓa yi wa sallama a ofis da takardar neman kwangila a aljihu ya san irin zufar da Titus ya yi.

Kafin wannan, a 1964, ya fitar da One Man, One Matchet. Cuta ce ta faɗa wa gonakin koko, hukuma ta ce ba magani sai a sare itatuwan da suka kamu don a ceci saura. Ta fuskar ilimi maganar daidai take. Amma je ka faɗa wa manomin da da itacen nan yake aurar da 'ya'yansa! Aka kawo Di'o baƙar fata, Udo Akpan, ya zo da hujja da lissafi, sai wani ɗan bani-na-iya mai zaƙin baki, Benjamin Benjamin, ya shiga tsakani yana zuga jama'a yana tara kuɗinsu. Sauran littattafan ma a wannan fili suke kiwo: Chief the Honourable Minister na 1970 kan shugaban makarantar da aka wayi gari an naɗa shi minista, da His Worshipful Majesty na 1973 kan basaraken da sabon tsarin mulkin ƙananan hukumomi ya rage wa iko.

Makaminsa barkwanci ne. Yakan bar mutum ya yi ta surutu har ya kunyata kansa da bakinsa. Akwai masu ganin ya cika goyon bayan ɗan boko ma'aikaci a kan talaka, kuma zargin ba ya rasa tushe, don injiniya ba ya son abin da ya karkace, ko gini ne ko hali. Salonsa ma haka yake, miƙaƙƙe, ba ado, wani lokaci har da ƙamshin rahoton ofis. Wataƙila shi ya sa sunansa bai yi amo kamar na Achebe da Soyinka ba, ko da yake kamfanin Heinemann ya sa littattafansa a jerin marubutan Afirka da aka yi ta karantawa a makarantu.

Bai ajiye alƙalami ba har tsufa. Ya rubuta tarihin aikinsa, My Years of Service, a 1994, sannan a 2009 ya fitar da Our Born-Again President, ya sake waiwayar masu mulki da irin ba'ar da ya saba. Ya rasu a Legas ranar 1 ga Mayu, 2010, yana da shekara 91.