Su wa bai kamata a taka wa baya ba?

A gidajen Birnin Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba ganin dattijo ya kwanta rub da ciki, jikansa na tattaka masa baya domin rage gajiya.

Sai dai ba kowane jiki ke jure wannan tausa ba.

Ƙashin tsofaffi, musamman matan da suka daina al'ada, yakan yi rauni, ta yadda nauyin yaro ma zai iya karya haƙarƙari.

Kumburi da zafi a ƙafa ɗaya kan nuna daskarewar jini a jijiya. Taka wurin na iya tura gudan jinin zuwa huhu, abin da kan janyo asarar rai.

Hatsarin ya shafi masu juna biyu, da masu sabon ɗori ko tiyata, da waɗanda saifarsu ta kumbura.

Masu ciwon sukari kuwa, jijiyoyinsu kan dakushe, har a ji musu rauni ba su sani ba.

Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi da rama na iya zama tarin fuka na ƙashi, wanda ke bukatar gwaji a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.